Abin da Ladanin Turawa Ya Ce

Gidanmu na farko a Greensboro ba shi da murhu, kuma ko da akwai, mai gidan da muke haya ba zai bari a hura wuta a falo ba. Abin da muke da shi wata 'yar hita ce ta lantarki, mai wayoyi uku da ke yin ja idan ta ɗau zafi. Ita ce Kaka ta mayar murhunta. Da sanyi ya shigo sai ta ja darduma kusa da ita, ta miƙa tafin ƙafa, ta lulluɓa da zane biyu da rigar sanyin Mama a kai. Har yau idan na rufe ido ina ganin jan hasken nan a gefen fuskarta, ina jin ƙamshin turaren wutan da ya kama kayanta tun daga gida.

Kaka mahaifiyar Mama ce. Daga Damagaram ta zo, a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da aka haifi autarmu, don ta kula da jego ta kuma riƙe jaririya idan Mama ta koma aiki. Ina da shekara goma a lokacin, ƙanena Isufu yana da bakwai. Hausarmu ta ji ce kawai. A yi mana magana mu gane, mu amsa da Turanci, kuma ni a ganina wannan shi ne wayewa. Ba na jin akwai yarinya mai iyayi kamata a duk gabashin garin nan. Kaka tana kirana ƙawata, tana tsokanata cewa bakina ya fi jikina girma, ni kuwa in murguɗa baki in wuce.

An gaya mana a gida ita ce gwanar tatsuniya ta unguwarsu, yara har daga wasu gidaje suke zuwa. Ta gwada mu sau biyu ko uku. Ta buɗe da kalmomin da ake buɗe tatsuniya da su, ta dakata tana jiran a amsa mata, muka zuba mata ido don ba mu san ana amsawa ba. Kafin ta kai tsakiya Isufu ya sulale, ni kuma na ce ina da aikin makaranta. Daga nan ta bari. Yini take yi a bakin taga da jaririya a baya, tana kallon motoci, tana mamakin unguwar da ba a ganin mai tafiya da ƙafa balle a gaisa.

Ba mu da tashoshi masu yawa, talabijin ɗinmu mai eriya ce. Amma akwai wata tasha da kowace Asabar bayan magariba take sa tsofaffin wasannin barkwanci na Ingila. Baba ne ke bari a kunne kafin ya fita aikin dare, wai Turancinsu ya fi tsafta. Wata Asabar ina kwance a kan kujera sai na ji wata irin ƙara daga wajen hita. Na ɗaga kai. Kaka ce ke dariya, ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa jin dariyarta ba tun da ta sauka.

Wasan na wani dattijo ne dogo siriri mai kula da agogon hasumiyar wani ƙauye, da maƙwabciyarsa, wata mata mai kumari da mijinta ya rasu, wadda kullum take kawo masa shayi. Kaka ba ta jin ko kalma ɗaya. Amma ta ga mutum yana hawa hasumiya yana sanar wa gari lokaci, nan take ta yanke hukunci.

"Wannan ai ladaninsu ne," in ji ta. "Dube shi, har da sanyin halin. Waccan kuma Mai Shayi, sonsa take, shi ma haka, amma kunya ta hana."

Haka aka fara. Hoton yana tafiya, Kaka tana ba shi baki. Idan Ladan ya buɗe baki ta yi muryarsa, a hankali, da in'ina kaɗan. Idan Mai Shayi ce sai ta siranta murya ta karkata kai. Isufu ya fara matsowa, sai ga ni ni ma a kan darduma, ina cewa sanyi ne ya kawo ni.

Labarin da na fi tunawa shi ne na fure. A bakin Kaka, Ladan mutum ne da madara ke ɓata wa ciki. Ranar da Mai Shayi ta fara kawo masa shayi da madara, ya karɓa ya yi godiya, don ba a mayar da hannun alheri. Da ta juya baya ya tuttule shi a tukunyar furen da ke kan taga. Gobe haka, jibi haka, har shekara ashirin. Fure ya sha shayi ya gaji ya mutu. Mai Shayi ta ga tukunya ba komai, tausayi ya kama ta, ta sayo masa sabo wanda ya fi girma, ta kuma ƙara masa madara don ya rage baƙin ciki. Shi kuwa ya tsaya da kofi a hannu yana duban sabon furen kamar mai neman gafara tun kafin ya yi laifi.

Abin da ya sa muke yarda da ita shi ne dariyar nan da ake ji daga cikin akwatin, ta mutanen da ba a gani. Kaka ta iya auna magana. Tana kai ƙarshen zance, sai dariyar ta ɓarke daidai wurin. Sai ta nuna talabijin da haɓa ta ce, "Kun ji shaiduna." A wancan lokacin har mafarkinsu nakan yi, jama'a zaune a duhu bayan gilashin, sun lulluɓa da zannuwa kamarmu, suna jiran Kaka ta ƙarasa.

Wata rana ta ce da Mama, "Waɗannan Turawan ba irin na nan ba ne. Na nan komai sai sun faɗa, har abin da ke cikin ciki. Waɗannan kuwa suna da kara. A taka wa mutum ƙafa, shi ne zai ba da haƙuri. Anya ba daga wajenmu suka tashi ba?" Ita da ba ta taɓa kiran sunan Mama ba saboda 'yar fari ce, ita da ke juya fuska ga bango idan Baba ya shigo gaishe ta, ta ga danginta a wani ƙauyen Ingila mai yawan ruwan sama.

Labari ya bazu. Wata Asabar Anti Zali, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi, ta zo da 'ya'yanta uku don su ji. Falo ya cika, an dafa shayi, Kaka ta sa sabon kallabi. Ana tsaka da labari, ana ta dariya, sai wani abu ya taso mini. Kishi ne, ba zan ɓoye ba. Ni ce mai jin Turanci, amma ba wanda ya dube ni. Na miƙe zaune na ce da ƙarfi, "Kaka, that's not what he said. Ba haka ya ce ba. Shi ba ladan ba ne ma, agogo yake gyarawa. Kuma mutanen nan ba ke suke yi wa dariya ba, recording ne, tun kafin a haife ni aka ɗauka."

Dariyar cikin akwatin ta sake ɓarkewa ita kaɗai, ba wanda ya taya ta. Mama ta watsa mini harara, Anti Zali ta ce, "Ke Hadiza!" Kaka kuwa murmushi ta yi ta ce, "Ƙawata ta yi gaskiya. Ita ta yi lakwal ta sha boko, ita za ta faɗa muku." Ta gyara zanenta ta ce za ta duba jaririya, alhali jaririya tana barci a cinyar Mama.

Asabar ta gaba ba ta fito ba. Ta bayanta ma haka. Hita tana ja ita kaɗai a falo, ni da Isufu muna kallo da Turanci zalla, muna jin kowace kalma, amma wasan ya zama salam. Sai wata safiya na ji ta a kicin tana ce wa Mama a gaya wa Baba ya canza mata biye, wato tikitin jirgi, ta koma kafin wata ya ƙare. Ta ce jaririya ta yi ƙwari, sanyi kuma ya ishe ta. Saura wata uku a takardar izinin zamanta. Mama ta yi ta roƙo, Kaka ta ce ai ba komai. Ni na san akwai komai, kuma na san ni ce.

Na so in ba ta haƙuri. Na tsaya a ƙofar ɗakinta ya fi sau biyar. Da Turanci ba zai shiga ba, Hausata kuma ba ta kai ba, ga kuma girman kai. Abin da na iya shi ne ranar Asabar na ɗauko dardumarta na shimfiɗa a gaban hita, na haɗa shayi, na leƙa na ce, "Kaka, an fara." Ta daɗe kafin ta fito. Da ta fito ta zauna, carbi kawai take ja.

A ranar, Mai Shayi ce za ta tafi wajen 'yarta a birni. Ga ta a tashar bas da akwati, ga Ladan ya rako ta yana juya hula a hannu. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Daga ƙarshe ya dubi sama ya faɗi wani abu, mutanen duhu suka yi dariya 'yar kaɗan, mai taushi. Kaka ba ta ɗauke ido daga akwatin ba ta ce, "Ƙawata, me ya ce?"

Na ji shi sarai. Cewa ya yi da alama za a yi ruwa, ko ta ɗauki lema. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su.

"Ya ce... ya ce kar ki tafi."

Isufu ya buɗe baki zai gyara mini, na taka masa ƙafa. Carbin ya tsaya a hannun Kaka. A cikin akwatin Mai Shayi ta ba da amsa, na san kan lemar take magana. Kaka ta siranta murya, ta karkata kai kamar yadda ta saba.

"Ita kuma ta ce, to, tunda ka roƙa, sai sanyi ya wuce. Amma ka rage surutu."

Dariya ta ɓarke daga bayan gilashin daidai wurin. Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka, tana shafa mini kitso tana cewa in ɗaga, zan jiƙa mata zane. Ta zauna har itatuwan titinmu suka yi fure, kuma ba Asabar ɗin da ta wuce ba labari. A waɗannan watannin ne bakina ya buɗe da Hausa.

Yanzu na girma, kuma har yau masoyiyar wasannin nan ce ni. Na haɗu da irina da yawa, tsofaffi da matasa, masu haddace kowace fitowa, masu kallon abu ɗaya sau talatin ba su gaji ba. Sukan ce kaifin zancen ne ke riƙe su. Ni dai na san wadda ba ta ji ko harafi ba kuma ta fi mu duka fahimta. Da na sake kallon wasan daga farko, na tarar kusan duk abin da ta sa a bakinsu ba su faɗa ba, amma kusan duka shi ne abin da ke ransu. Ina jin abin da ya sa ba sa tsufa ke nan. Mutane ne masu son juna da suka kasa faɗi, suna ta kewaye-kewaye da shayi da zancen ruwan sama, kuma kowane gida akwai irinsu.

Shekaru bayan ta koma, ta tsufa sosai har ido ya yi rauni, na kira ta a waya. Muka gaisa, ta tambayi kowa da kowa. Can sai ta ce, "Ƙawata, wai Ladan ya faɗa mata kuwa?"

Wannan karon gaskiya na gaya mata. Na ce wasan ya ƙare, Kaka, har ƙarshe bai faɗa ba.

Na ji 'yar dariyarta daga nesa, layin yana yankewa yana dawowa. "Ai ba sai ya faɗa ba," in ji ta. "Ta sani."

Ba mu sake magana mai tsawo ba bayan wannan, da damina ta zo Allah ya karɓi abarsa. Na yi shekaru ina zargin kaina cewa ban taɓa buɗe baki na ce mata ta yafe mini ba. Sai daga baya na lura cewa ba ni na tayar da zancen Ladan a wayar nan ba, ita ce, kuma Kaka ba ta tambayar abin da ba ta riga ta shirya amsarsa ba.