Shaidar da Na Bayar a Kan Jakin Kafinta

A shekarun da Turawa suka fara gina bariki a Dutse, wani kafinta Kirista daga kudu ya sauka kusa da gidanmu. Dattijo ne mai fara'a, yana da jaki guda da ke ɗauko masa katako daga Ringim. Shi ya yi mini ƙyauren ɗaki ina sabon ango.

Wata damina aka yi ɓarna a gonar geron wani manomi. Ya ce jakin kafinta ne, ya kai ƙara gaban alƙali. In ta tabbata za a karɓe jakin, sana'ar dattijon ta tsaya ke nan. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan shaida cewa a turke jakin ya kwana. Ya tambaye ni ko ni ma a turken na kwana. Na ce a'a. Ya yi dariya har da tari.

Sai ya ba ni labarin wata aya a littafinsu. An warkar da wani makaho, manyan gari suka tsare shi da tambaya ko wanda ya warkar da shi mutumin kirki ne. Ya ce wannan bai sani ba, abin da ya sani shi ne a da ba ya gani, yanzu yana gani. Na ce ai makahon nan bai iya rama alheri ba.

"Ɗana," in ji shi, "da ya ƙara abin da bai sani ba, wa zai yarda idon ma ya buɗe?"

Na yi fushi, har na daina gaishe shi. Wannan wautar tana ba ni kunya har yau.

Ranar shari'a bakina ya kasa ƙaryar. Na ce, "Allah gafarta Malam, na ga jakin a ɗaure da magariba. Bayan nan ban sani ba. Amma igiyar ta tsufa, ni na ba kafinta aronta."

Mutane suka kwashe da dariya. Alƙali ya ce tunda na faɗi har abin da zai ja mini, ya yarda an ɗaure jakin. Bai karɓe shi ba. Ya yanke cewa da rani jakin zai yi wa manomin jigilar taki, mai igiya kuma shi zai kora.

Haka na ƙare ranin nan a bayan jaki da mangala. Kullum na wuce, kafinta na inuwa yana fiƙe katako, sai ya ɗago ya yi mini sannu da aiki.