Shekarar da Ƙanwata Ta Yi a Gidan Turawa

Tare muka zauna jarrabawar da ƙanwata. Ina aji biyar na sakandare, ita tana aji huɗu. An ce wani shiri ne da ke ɗaukar ɗalibai, Musulmi da Kirista, a kai su Amurka su yi shekara guda a gidajen mutane suna zuwa makaranta a can. Lokacin 'yan shekaru ke nan da sojoji suka koma bariki, irin waɗannan ƙofofi sun fara buɗewa. A makarantarmu kowa ya san ni ce mai Turanci. Amma da aka zo tambayoyin baki, na tsaya gaban mutum uku harshena ya yi nauyi. Ita kuwa har dariya ta ba su. Ita aka ɗauka.

Gidanmu na Makera ya koma kamar gidan biki. Baba, da ke aiki a masaƙa a Kakuri, ya riƙa dawowa da abokan aikinsa don su gan ta. Mata suna shigowa yi wa Umma barka, in za su fita su dube ni su ce, "Ke ma Allah zai kawo naki." Ni na guge mata kaya, ni na zauna a kan akwatin har ya rufu.

Bayan ta tafi aka ba ni aiki. Kowace Asabar in je shagon intanet na wata mata 'yar Unguwar Boro, wadda muke kira Anti, in buɗe saƙon ƙanwata, a buga min a takarda, in kawo in fassara wa Umma. Da Turanci take rubutawa, wai an ce su daure su riƙa yi. Ta haka na san komai kafin kowa. Tana da ɗakinta ita kaɗai, da gado, da tebur. Mutanen gidan ba su da 'ya'ya, sai wani kare da ke kwana a kujera. Da azumi ya zo matar gidan ta taya ta na kwana ɗaya, ta kasa kaiwa la'asar. Sun je bakin teku. Sun saya mata keke. Ina karantawa Anti tana leƙowa ta kafaɗata tana cewa, "Kai, yarinyar nan ta dace!" Ni kuwa sai in karɓi takardar in fita.

Akwai abin da nake gyarawa wajen fassara. Ƙanwata tana kiran matar gidan Mama. Nakan ce wa Umma "uwar masaukinta". Wata Asabar Umma ta katse ni sau uku tana cewa in maimaita, ga shi tun safe ban ji ta tambaye ni ko na karya ba, sai na faɗa mata yadda yake.

"Ta ce Mamarta ta kai ta asibitin haƙori."

Umma tana tsince wake a faifai. Hannunta ya tsaya.

"Wa?"

"Mamarta. Haka take kiranta kullum."

Ta ci gaba da tsinta. Can da na miƙe zan fita ta ce, "Matar nan ko ta iya kitso?" Na ce ban sani ba. Daga ranar ta daina cewa in maimaita. Da hoto ya iso, ni rigar sanyin da ƙanwata ta sa nake kallo, ja mai gashi a wuya. Umma ta kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe, sannan ta ce kan yarinyar bai ga mai ba.

A watanta na biyar a can wani saƙo ya zo da Hausa. An yi wa maigidan canjin wurin aiki, don haka aka mayar da ita wani gida a wani gari. Can akwai yarinya sa'arta, ɗaki ɗaya aka haɗa su. Yarinyar ba ta yi mata magana. Ta manna wani zare a ƙasa ta raba ɗakin biyu. A gidan ba a zama cin abinci tare, kowa ya buɗe firiji ya ɗauki abin da ya ga dama, ita kuma kunya ta hana ta buɗewa. Ta ce wani lokaci da biskit take wuni. A ƙarshe ta rubuta, "Yaya, don Allah kada ki gaya wa Umma."

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu ita ce, sanyi na ji a raina. Na karanta sau biyu. Ban sa an buga ba. Na rubuta mata layi biyu, na ce ta yi haƙuri, ai ita ta so tafiya. A gida na ce wa Umma lafiyarta ƙalau, an canza mata gida, ta ce tana gaida kowa. Na gaya wa kaina ai amana ta ba ni. Makonni uku tana rubutowa, ni ina ba ta gajerun amsoshi.

Ranar babbar Sallah aka shirya za ta kira ta wayar Anti, don mu ba mu da waya tukuna. Muka je shagon da rana ni da Umma cikin kayan Sallah. Ban ji abin da ƙanwata ta ce ba. Na dai ga Umma ta juya wa titi baya tana cewa, "To yi shiru. Yi shiru in ji ki. Tun yaushe?" Da ta gama ta miƙa wa Anti wayar, ta yi godiya, sannan ta dube ni.

"Kin sani?"

"Ita ta ce kada in faɗa."

"Ita yarinya ce. Ke fa?"

 Ta ja kujera kusa da kwamfuta ta ce in zauna, za ta yi wa matar sabon gidan wasiƙa. Tana faɗa ina juyawa. Ta fara da gaisuwa, ta tambayi maigida da yara. Sannan ta ce, "Gaya mata 'yata ba ta cewa tana jin yunwa. Haka muka raine ta. Sai an zuba an ajiye a gabanta, an ce ci, sau biyu. Gaya mata ba raini ba ne in ta sunkuyar da kai. Kuma a nemo mai gyara mata gashi." Ta ƙara da cewa, "Ki ce ina gaida 'yarta. Ki ce na san ba daɗi a shigo maka ɗaki."

Na rubuta. Anti ta duba ta gyara kalma ɗaya muka aika. Bayan kwana huɗu matar ta amsa da doguwar wasiƙa, tana ba da haƙuri, ta ce wallahi ta ɗauka yarinyar ba ta son abincinsu ne. Ta fara dafa shinkafa. Zaren dai ya zauna a ƙasan ɗakin har ƙanwata ta taso, amma ta ce daga baya sukan yi hira daga gado zuwa gado.

Ta dawo da damina, ta fi ni tsawo, Turancinta yana fita ta hanci. Gida ya sake cika. Na tsaya a bakin murhu ina zuba wa baƙi abinci, ina jin ana ta tambayarta labarin ƙanƙara, abin da nake ji a da yana nan bai je ko'ina ba. Sai bayan kwana biyu muka samu kanmu mu kaɗai muna wanki. Na tambaye ta labarin yarinyar can da suka haɗa ɗaki.

"Ba muguwa ba ce, Yaya," in ji ta. "Ita ma ta nemi zuwa wata ƙasa, ba a ɗauke ta ba. Sai ga ni an kawo mata."

Na ci gaba da cuɗa zanen da ke hannuna. Na ce mata amsoshin da na riƙa aika mata ba su kyautu ba. Ta ce ta lura, amma ko layi biyun nan tana jiransu, don da Hausa suke. Sannan ta miƙo min bakin zanen muka matse tare.