Namadi, Wanda Bai Iya Wuce Mutum Ba

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi kowa zai koma, da mai sauri da mai tsayawa gaisuwa a hanya. Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Namadi Gaji a gidansa da ke Kurgu, bayan doguwar jinyar hawan jinin huhu. Manomin shinkafa ne, kuma taubashina ne. Wanda ya ga na tsokane shi a nan ya yi mini uzuri, tun muna yara ban san wata hanyar yi masa magana ba.

Namadi, kai dai ba ka iya wuce mutum ba. Tsakanin gidanka da masallaci jifa ɗaya ce, amma kullum a raka'ar ƙarshe kake samun liman. Ka tambayi mutum lafiyarsa, ka tambayi iyalinsa, ka tambayi jakinsa da ya yi ɗingishi bara. Ranar da muka je kan iyakar Benin, jami'i ya tsayar da kai don ya yi maka tambayoyi, ƙarshe shi ya roƙe ka ka wuce.

Da haki ya fara kama ka, sai ga likitoci masu bincike sun soma zuwa asibitin Bagudo duk bayan wata uku, ƙarƙashin wata mai haƙuri, Likita Mansura. Ita ta bayyana mana ciwon: jijiyoyin jinin huhu ne ke ƙuntacewa, zuciya ta yi ta turi har ta gaji. Suna so su gane yadda magani ke aiki a jikin manya da yara. Ma'auninsu mai sauƙi ne. Ana ajiye kujera biyu a baranda, mutum ya yi ta kai da komo tsakaninsu na minti shida, ba magana, a auna nisan da ya ci. Ni ma'aikacin lafiya ne, aka ba ni riƙon agogo.

Gwajinka na farko ya ƙare a bakin benci na farko, inda ka tsaya gaida masu jiran likita. Da Likita ta ga nisan da ka yi, sai da ta sake taɓa jijiyar hannunka, ta ce mai irin wannan sakamako a kan gado ake kawo shi. Muka kwashe mutane daga barandar, ka koma gaisawa ta taga. Dandawan da ke tsallako iyaka su zo ganin likita ma ba ka bar su ba, ka bi su da Dandanci har suka gaji da amsawa. Na toshe maka kunne da auduga, ka ce ai da ido ake ganin wanda za a gaisar.

Duk wannan dariya muke yi, har aka kawo jikarka Fatiha, 'yar shekara bakwai, wadda ta tashi a hannunka. An haife ta da huda a zuciya, ciwon ya taɓa huhunta, in ta yi gudu leɓenta ya yi duhu. Aka sa ta a baranda, sai ga ta tana durƙusa wa duk babban da ta gani. Likita ta kira mu gefe ta faɗa mana gaskiya. In ba a iya auna yarinyar ba, ba za a san ko maganin yana yi mata aiki ba, dole a cire ta daga binciken. Duba ta kuma zai koma can babban asibitin birni, tafiyar da ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Ranar na ga tsoro a fuskarka, abin da ban taɓa gani ba.

Da likitocin suka dawo, ka ce mata, "Fatiha, yau ki wuce mutane, kar ki gaida kowa."

Ta ce, "Kaka, ba kai kac ce wanda yaw wuce mutum babu gaisuwa akuya ta hi shi hankali ba?"

Ka ce, "Awo, ni nic ce. To zamna nan ki ga akuya."

Ka hana a kwashe mutane, ka ce in danna agogo. Ana yi maka sannu kana kallon bango, gumi na zuba, ba kuma na ciwo ba ne. Ana haka sai Allah Ya kawo surukinka, Alhaji Badamasi na Kende, mahaifin matarka Sabuwa, wanda shekara arba'in ba ka taɓa hango shi da takalmi a ƙafarka ba. Ya dogara sandarsa ya zauna a benci na tsakiya. Na ga ƙafarka ta fara zamewa daga takalmin da kanta. Ka dubi Fatiha, ka mayar da ƙafar, ka wuce shi. Ka juyo ka sake wuce shi. Haka ka yi ta wuce surukinka kamar ba ka taɓa cin tuwon gidansa ba, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin agogo, rabi na dariya, rabi na tausayinka.

Fatiha ta miƙe, ta rufe bakinta da tafin hannu, ta yi nata gwajin har ƙarshe. Aka auna ta, aka bar ta a cikin binciken.

Da numfashinka ya dawo, ka tuɓe takalmi ka bi mutanen ɗaya bayan ɗaya, ka ce ramuwar gaisuwa kake yi, kamar ta azumi. Ka zube gaban Alhaji kana ba da haƙuri. Ya ce, "Wa ke nan? Namadi? Yaushe kaz zaka? Ni hwa yanar ido tak kawo ni, ban ga kowa ba." Duk da haka ya karɓi gaisuwar cikakkiya, bai rage maka komai ba. Tun daga ranar ramuwa ta zama al'adar barandarmu, har Likita ta ware mata lokaci.

Maganin bai warkar da kai ba, sauƙi ya ba ka, kuma ka sani. A shekarar ƙarshe nisanka yana raguwa, na Fatiha yana ƙaruwa. Kakan ce sawunka take ɗebewa, kuma ka yafe mata.

Ranar Talata muka ɗauke ka a makara, muka bi da kai ta gaban dukan mutanen Kurgu, ba ka ce wa kowa komai ba. Da muka dawo muka zauna a ƙofar gida, sai Fatiha ta fito ba takalmi, ta durƙusa gaban Alhaji Badamasi ta ce, "Kaka ya wuce ku ɗazu bai gaishe ku ba, na zaka in rama mai." Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa ta huta in haki ya taso, har jakin nan mai ɗingishi sai da ta tambaya. Da ta iso kaina na kama hannunta na tashe ta. Na yi kewarka, taubashina, kewa mai tsanani.

Ina yi wa Sabuwa da 'ya'yanta, da Alhaji Badamasi, da jama'ar Kurgu da Kende ta'aziyya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya ba Fatiha lafiya da nisan kwana, Ya taimaki masu neman maganin wannan ciwo. Namadi, Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya yalwata maka kabarinka yadda ƙirjinka bai samu ba a duniya. Allah Ya sa mala'ikun rahama su tarye ka da sallama. Ka amsa musu a tsanake, can babu mai riƙe maka agogo.

Arzika Zakari, Bagudo