Igiyar Takalmin Mai Sito

Ni da Mai Sito benci ɗaya muka zauna a makarantar Mishan, zamanin da ake duba farce da wuyan riga kafin a shiga aji. Tun a can aka san halinsa. Yana da rula ta katako, amma bai taɓa ara wa kowa ba. In ka roƙa, sai ya ce kawo littafinka ya ja maka layin da kansa. Da muka girma Allah ya haɗa shi da aikin da ya dace da shi, tsaron ɗakin ajiyar kaya na wani kamfani, makullai a ƙugu suna kacau-kacau. Ya yi ritaya, sunan ya biyo shi gida.

Abin da ya tsira da shi daga aiki mota ce ruwan toka, mai ƙarfe na gaske, irin wadda ba a ƙerawa yanzu. A zamaninta mota ce, ba zan rage mata ba. Amma ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa, gilashin hagu kuwa da filaya ake sauke shi. Duk da haka hannun wani bai taɓa hawa sitiyarinta ba, kuma haka yake so ta zauna har ƙarshen ransa.

Da ya ce zai sa mata ƙararrawa saboda ɓarayi, duk layinmu mun san ɓarawon da yake nufi. Surukinsa ne, mijin babbar 'yarsa, wanda ya taɓa cewa cikin ladabi, "Baba, in ka gaji ai sai in riƙa kai ka." Maganar nan ta tsaya masa a rai.

Ni na raka shi shagon Rewaya, mai gyaran wayoyin mota. Rewaya ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo.

"Baba, wannan ƙararrawa take so ko addu'a?"

"Aikinka na zo saya, ba bakinka ba."

Rewaya ya baje kaya a kan benci. Akwai mai araha, wadda ko kyanwa ta gifta sai ta tara unguwa, ta kuma shanye batir kafin a farga. Akwai mai aiko saƙo a wayar hannu, Mai Sito ya ce ba ya son mota mai kai tsegumi. Sai wadda take yanke wutar inji: ko mutum na da makulli, in bai danna wani maɓalli da aka ɓoye ba, motar za ta mutu, jiniya ta tashi.

Idon Mai Sito ya yi haske. "Ko da makulli?"

"Ko da makulli, Baba."

Ya tsaya a kan Rewaya kamar mai duba jarrabawa. Ya ce a sa fis, a haɗa wayoyi da dalma, ban da murɗawa a naɗe da tef. A nan na yaba masa, tsohuwar waya ba ta son wasa. Da aka zo ɓoye maɓallin, sai ya ce in je in sha iska. Ni da muka raba benci!

Daga ranar, kowace safiya sai ya shiga mota, ya waiga dama da hagu, ya ce da ƙarfi, "Bari in gyara igiyar takalmi." Ya sunkuya, sannan ya tayar. Matsalar ɗaya ce. Tun da ƙafarsa ta fara kumburi, silifa yake sawa.

Wata hantsi ya hau tsani zai gyara rumfar da ke yi wa motar inuwa, tsanin ya zame. Muka same shi kwance a tsakar gida, ƙugu ya goce, gumi na zuba. Surukin ya iso da gudu. Matar Mai Sito ta zaro makulli daga aljihun mijinta, yana riƙe da hannunta yana nishi. Muka kwantar da shi a kujerar baya. Surukin ya murɗa makulli, injin ya yi tari ya mutu, jiniya ta cika layi.

"Baba, ina maɓallin?"

"Ku ɗauke ni ku sa a gaba. Kowa ya juya baya."

"Malam, ko zama ba ka iya yi," in ji matarsa. "Faɗa masa mana!"

Ya dafe ƙugu, ya rufe ido, ya kau da kai. Sai mai shagon da ke tsallaken titi ya ɗaga murya don ta fi jiniyar:

"Ƙarƙashin kujera, ta hagu, kusa da ƙarfen ja baya!"

Surukin ya sunkuya. Jiniya ta ɗauke, mota ta tashi.

A hanya ina riƙe da kansa. Bai yi zancen ciwo ba ko sau ɗaya. Can ya buɗe ido ya dubi matarsa.

"Wa ya gaya masa?"

"Wa zai gaya masa? Har mai kwasar shara ya sani."

"Kuma ba wanda ya taɓa ta?"

"Wanda ya sace ta ya kai ta ina, Malam?"

Ina jin wannan ya fi faɗuwar yi masa zafi.

Likita ya hana shi tuƙi. Yanzu surukin ne ke kai shi gashin ƙashi, shi yana baya da sandarsa, yana kallon hannun wani a kan sitiyarinsa. Surukin kuwa mutum ne mai tarbiyya. Kafin ya tayar, sai ya waiga dama da hagu, ya ce, "Baba, bari in gyara igiyar takalmi."