Zanen Goyo Biyu, Jaririya Ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa da tsofaffin ɗalibaina. Sama da shekara arba'in ban taɓa ba da wannan labari a fili ba. Jiya jikata ta kira ni tana kuka, ga ciki, ga shi an ce tana da ƙari a mahaifa. Na rarrashe ta, sannan na ga gara in rubuta.

Wata Laraba ce bayan la'asar, cikin damina, a gidan surukaina a Roni. Lokacin kuɗin mai ya shigo ana ta buɗe makarantu, ni kuma ban daɗe da gama kwalejin malamai ba. Ina da cikin fari wata biyar. Na sunkuya zan ɗauki buta, wani ciwo ya soke ni a gefen hagu har na durƙusa.

Tun yana wata uku cikin ya fi lissafina girma, abin yana damuna. Amma Inna, mahaifiyar maigidana, ta riga ta yanke cewa tagwaye ne, don akwai su a danginsu. Har ta sayo zanen goyo biyu iri ɗaya. Matan gida suna kirana Uwar Biyu.

Cikin fari kuwa ba a zancensa. Ko an tambaye ni sai in sunkuyar da kai.

Da Inna ta tarar da ni a ƙasa ta ce, "Haba Malama, Hassan da Husaini ne ke kokawa. Gobe ungozoma za ta murza miki, su zauna daidai."

Washegari zazzaɓi ya rufe ni. Na ji tsoron kada in rasa abin da ke cikina, sai na ajiye kunya.

"Inna, ku yi haƙuri, a kai ni asibiti kafin a murza."

Ta dube ni ta ce, "Yau kuma bokon ne ya motsa?" Amma ita da kanta ta aika aka nemo mota.

A Kazaure wata Sista ta ɗora ƙahon sauraro a cikina. Ta saurara nan, ta koma can, ta sake dawowa.

"Zuciya ɗaya nake ji. Wannan mai taurin ba kan jariri ba ne."

Na ɗauka ɗayan ya mutu. Aka tura mu Kano.

Likita ya duba, aka ɗebi jini da fitsari. Ya ce ƙari ne, ba ciwon daji ba, cikin ne ya sa ya girma har yake ciwo. Na ce to a cire. Ya ce, "A'a. In muka taɓa shi yanzu, jini zai ɓalle, kuma za ki iya rasa cikin. Hutu, maganin ciwo da na ƙarin jini. Kada kowa ya murza."

Inna ta ɗauki salati.

Ciwon ya lafa, aka sallame ni, amma ban ƙara fashin awo ba. Goyon ciki ma ba gidanmu na je ba, gidan kawuna na zauna a Kano don kusa da asibiti. Asibitin ba shi da tsada a lokacin, kuɗin mota ne ya wahalar da mu.

Da haihuwa ta matso aka ga ƙarin ya tare hanya, aka yi mini tiyata. Ƙannen maigidana suka ba da jini. Sai daga baya, bayan na yaye, aka cire ƙarin.

Ke mai ciki, ki je awo da wuri. In ciki ya fi watanninsa girma, ko ciwo, ko jini, ki faɗa, ko a gaban suruka ne. Yanzu har hoton ciki ake yi.

Har yau ban san yaushe ƙarin ya fara ba. Ban san abin da ya kawo shi ba. Ban san me zai faru ba da an murza. Ko sunan Sistar nan ban tambaya ba, Allah Ya saka mata da alheri.

Ranar haihuwar, da na farfaɗo daga tiyata, Inna na gani zaune da jaririya a cinya, ta shimfiɗa zane ɗaya ta rufa mata ɗayan.

"Malama, ga Hassanarki. Husainar kuwa, mun yafe wa likita."

Alhamdulillahi. Wannan jaririyar ita ce ta haifi wadda ta kira ni jiya.