Ƙugiyar Kawu Labbo

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Labbo a Argungu ya san ba a fara gaisuwa sai an ɗaga kai. Kafin ka ce ina kwana, zai nuna maka sama ya ce, "Duba min eriya, ta karkata?" In ka ce tana nan daidai, sai ya amsa gaisuwarka. In kuwa ka ce ta karkata, ka jawo wa kanka aikin yini guda.

Yayan mahaifiyata ne, ɗan masunta da ya yi aikin gyaran wayar tarho har ya yi ritaya, kuma bai taɓa yarda a biya kuɗin wata don kallon talabijin ba. "Iska ta Allah ta," in ji shi, "ban biyan haya bisa gare ta." Wani abokinsa mai gyaran kwamfuta a Nasarawa ta Birnin Kebbi, Mista Bitrus, shi ya haɗa shi da wata 'yar na'ura mai kama da filas ɗin kwamfuta. Ka soka ta a jikin kwamfuta, ka jona mata wayar eriya, sai ta kamo tashoshin da ake saki kyauta. Kawu ya raɗa mata suna Ƙugiya. Hotonta garau, har zufar goshin mai karanta labarai kana gani. Aibinta ɗaya, ba ta san tsaka-tsaki ba: ko hoto tangaran, ko fuskar mutum ta farfashe gida-gida ta daskare.

Inna Kulu, matarsa, ta taɓa yin kwana uku tana neman murfin babbar tukunyar da take turara shinkafa. Har ta fara kallon maƙwabta a karkace. Rana ta huɗu ta ɗaga kai, sai ga shi yana ƙyalli a bayan eriya, can ƙarshen sandar tuƙa jirgi da Kawu ya kafa a tsakar gida.

"Malam, murhin tukunyata na can bisa?"

"Shi na. Ƙarin girma yas samu."

"Shinkahwata hwa?"

"Ruhe ta da tire. Tun da yah hau, tasha biyu munka ƙaru."

Ni ma na sha nawa. Na taso daga unguwar Gesse ta Birnin Kebbi da sabuwar dikoda a kwali, da niyyar in riƙa biya masa duk wata. Ya jujjuya ta, ya yaba, ya sa min albarka har na ji kaina ya kumbura. Da na dawo bayan mako biyu, sai na tarar ya ɗora kwamfutar a kanta.

"Kawu, mi na wanga?"

"Ɗana, abin ga ya yi amfani ƙwarai. Iska na shiga ta ƙasa, kwamfutar ta bar zahi."

Ranar da taurin kan nan ya kusa jawo masa kunya ita ce ranar da autarsa Saratu za ta fara karanta labaran Hausa a talabijin daga Birnin Kebbi, bayan la'asar. Kawu ya gayyato rabin unguwa, ya ce a Ƙugiya za a gan ta. Sai ga iskar hadari tun da hantsi, ta girgiza sandar har gindinta ya yi lako-lako. Ɗaki ya cika, hoto ya daskare. Inna Kulu ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "In ban ga ɗiyata ba yau, da murhin da eriyar duk ƙasa za su kwana."

Na raɗa masa cewa mu lallaɓa gidan maƙwabci mai dikoda. Kallon da ya yi min har yau ina jin sa. Ya danna wani abu a kwamfutar, ya tattare rigarsa, ya fita ya rungumi sandar yana murzawa a hankali.

"Ta hito?"

"Rabinta!" in ji Inna daga ciki.

"Wane rabin?"

"Kallabi!"

Ya ƙara murzawa kaɗan, sai ga Saratu ɗungurungum, tana sallama cikin natsuwa. Inna ta shiga share ido da bakin zane. Na fita na ce, "Kawu, kawo in riƙe, ka tai ka gane ta."

"Kak ka taɓa. Hannunka bai san wurin ba."

Haka tsohon nan ya tsaya rungume da sanda har aka gama labarai, yayyafi na sauka a kansa, yana jin muryar 'yarsa ta taga. Tausayinsa ya kama ni. Na ce masa shi kaɗai bai gani ba. Ya yi dariya, ya ja ni ciki ya danna. Ashe ya sa kwamfutar ta naɗi labaran kafin ya fita.

"Ku sau guda kunka gane ta," in ji shi. "Ni kullum."

Kuma kullum ɗin ne. Duk baƙon da ya shigo sai ya kalli labaran nan, har muka haddace rahoton rabon taki.

Bara da ya rasu, Saratu ta buɗe kwamfutar. Hoton yana nan a tsakiyar allo, ya sa masa suna "Autata". Na tambayi Inna ko in sauko mata da murfinta, ta ce in bar shi inda mai shi ya sa.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi rahamar da ba a biya.