Malam Ubale da Rogonsa Mai Zoɓo

Kullum da hantsi Malam Ubale zai fito da kekensa, ya ɗaura kwano a baya, ya nufi sakandaren 'yan mata da yake koyar da bayoloji a nan Kiru. Shekaru muna maƙwabtaka ina zaton abincin ranarsa ne. Ashe kayan aiki ne: dafaffen rogo da ya kwana cikin zoɓo, wani yanka ƙato, wani ɗan mitsitsi.

Na san haka ne saboda 'yata Nusaiba. Tana son karatun ungozoma, bayoloji ya kayar da ita a jarrabawa, ta ce sau ɗaya za ta sake, in ta faɗi ta haƙura. Malam ya ce ta riƙa zuwa zaurensa bayan la'asar. Na raka ta ranar farko, da niyyar in ga ko zan taimaka. Allah Ya yafe mini.

Ya tsaga ƙaramin yankan, ja har ciki. Ya tsaga babban, baki ja, tsakiya fari fat. Ya ce haka ƙwayar halitta take, waɗannan ƙananan abubuwa da aka gina jikinmu da su. Ta fatarta take ci, ta nan take fitar da datti. In ta girma, cikinta ya fi fatarta saurin ƙaruwa, sai tsakiya ta zauna da yunwa. Shi ya sa ba ta yarda ta yi ƙiba, sai ta rabu biyu.

Nusaiba ta gyaɗa kai. Ni kuwa na dubi tumbina, na ce, "Malam, ni na ninku tun aurena, ban ga na rabu ba."

Ya ce, "Kana rabuwa, Alhaji. Ƙwayoyin jikinka yawa suka ƙara, ba girma ba."

Wato ni taro ne. To wane ne a cikinmu yake jin yunwa? Ban tambaya ba, don Nusaiba ta riga ta rufe fuska da mayafi. Na cinye rogon, na tafi.

Malama Zulaihat, tsohuwar ɗalibarsa da ke aikin jinya a Doguwa, ta ce mini su ma haka ya koya musu, kuma har yau ba ta iya ganin zoɓo ba ta tuna shi ba.

Malam, kai ne ka maimaita wa yarinyar nan abu ɗaya har ya shiga, ba ka taɓa ɗaga murya ba. Mai haƙuri da kan da ya toshe, har da na iyaye.

Nusaiba ta ci jarrabawar. Tana makarantar ungozoma yanzu. Malam kuma ya ajiye aiki bana. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Malaman da suka rage, ku yi koyi da shi, ku koyar da abin da ke hannunku. Ni dai har yau ban gane ba, amma wadda ake so ta gane ta gane.